Kafin ki sa hannu a takardar gwajin maganin kansar mama, zauna ki yi lissafin aljihunki

Ranar da likita ya kawo wa Yayata zancen shiga gwajin wani sabon maganin kansar mama, kalma ɗaya ce ta maƙale mana a kunne, wai "kyauta". Muka fito muna murna kamar an yafe mana bashi. Kuma fa ba ƙarya aka yi mana ba, maganin kyauta ne ɗin, ko sisi ba ta biya a kansa ba har aka gama, amma ni da na zama mai riƙe jaka da fayil da rasit tsawon wannan lokacin na san ta inda kuɗi suka riƙa zurarewa, kuma da yawansu da mun buɗe baki mun yi tambaya tun farko da ba su fita ba, ko kuma da an dawo mana da su. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ko wata za ta huta.

Ba hana ki shiga nake yi ba fa, kar ki fahimce ni a baibai. Duk maganin da ake taƙama da shi yau ta wannan hanyar ya biyo. Herceptin ɗin nan da ake ɗaura wa masu kansa mai HER2, wato irin da wani sinadarin furotin mai suna HER2 ya yi mata yawa yake sa ta saurin girma, tun 1998, wasu mata ne suka fara miƙa hannu aka gwada shi a jikinsu. Binciken TAILORx da sakamakonsa ya fito a 2018, mata sama da 10,000 ne suka shiga, shi ya nuna cewa da yawa daga masu kansar da aka kama da wuri, irin wadda homon ɗin jikin mace ke sa ta girma kuma ba ta kai ga kaluluwa ba, za su iya tsallake kemo gaba ɗaya ba tare da sun yi asarar komai ba. Toh kin ga abin alheri ne. Kawai dai ki shiga idonki a buɗe.

Abu na farko da za ki riƙe shi ne aljihu uku ne ke biyan kuɗin gwaji, in kin gane wannan kin gane rabin zancen.

Akwai aljihun masu ɗaukar nauyin binciken, ko kamfanin magani ne ko jami'a ko wata hukumar gwamnati. Su ke biyan maganin da ake gwadawa, da duk wani awo da ba don binciken ba da ba za a yi miki shi ba, kamar ƙarin jinin da ake ɗiba a aika wani lab can nesa, ko ƙarin tsokar da za a ciro daga ƙullun don su duba a madubin likita, da albashin masu cike takardu da sauransu. Wannan ba ruwanki da shi.

Sai aljihu na biyu, kuɗin jinyar yau da kullum, wato abin da ko kin shiga gwaji ko ba ki shiga ba dole dama sai an yi miki tunda kina da ciwon: ganin likita, awon jini na kullum, sikanin, gado in an kwantar da ke, maganin amai, maganin zafi. Wannan yawanci masu binciken ba sa biya. In kina da inshora ita za a tura wa bil, in ƙasarku gwamnati ke ɗaukar jinya ita ce, in kuma ba ki da ko ɗaya toh ke ce, ko mijinki ko 'yan uwanki.

Na uku shi ne wanda ba ya fitowa a kowane bil na asibiti amma shi ya fi cin mu, kuɗin mota, masauki, abincin hanya, wanda zai riƙe yara, ranakun aikin da kika rasa da wanda mai rakiyarki ya rasa. Zan dawo kansa don nan ne zancen yake.

Rikicin yana tsakanin aljihu na ɗaya da na biyu, saboda layin da ya raba su ba a miƙe yake ba ko kaɗan. Misali maganin kyauta ne, eh, amma kujerar da kika zauna a kai aka ɗaura miki ruwan, da nas ɗin da ta nemo jijiya, da robar da allurar, duk ana iya lissafa su a jinyar yau da kullum a turo bil. Sikanin ma haka, a waje likitanki zai iya cewa duk wata 3, amma tsarin binciken ya ce duk sati 6 ko 8, toh waɗancan na tsakiyar wa zai biya? Ya kamata a ce masu binciken ne, amma "ya kamata" ba ta biyan bil, sai an rubuta. Masu HER2 kuma kun san irin su Herceptin suna iya taɓa zuciya shi ya sa ake yin hoton zuciya kafin a fara sannan kusan duk wata 3, a wani gwajin za a ce wannan ai dama za a yi miki, je ki biya, a wani kuma su ɗauka. Sannan ga wanda mutane ba sa tunawa sam, yawancin manyan gwaje-gwaje kwamfuta ce ke raba mutane gida biyu kamar ƙuri'a, wasu su samu sabon magani wasu su samu wanda aka saba bayarwa don a kwatanta, kuma ba ke za ki zaɓa ba, likitanki ma ba shi zai zaɓa ba. In kika faɗa gidan tsohon magani, ana iya cewa ai wannan jinyar da aka saba ce, kuɗinsa na kanki ko na inshorarki. Ki tambaya tun kafin a jefa ƙuri'ar: in na faɗa ɗaya gidan, wa ke biyan maganin?

Ga dabarar da wata nas ta koya mana bayan mun riga mun sha wuya, da ma tun ranar farko muka santa. Kowane gwaji yana da wani jadawali, tebur ne mai layi-layi, a gefe an jera duk abin da za a yi miki, a sama an jera ranaku, zagaye na 1 rana ta 1, rana ta 8, rana ta 15, haka har ƙarshe, duk inda za a yi abu an sa alamar X. Ki ce wa kodinetan binciken, wato ma'aikacin da ke haɗa ki da komai, dan Allah a ba ki kwafin wannan teburin. Ki zauna da shi ko ita da biro kala biyu, kowane X ki tambaya wannan na wa ne, na masu bincike ki zagaye da ja, naki ki zagaye da shuɗi. Manyan cibiyoyi ma sun riga sun yi wannan rabon a ofishin kuɗinsu kafin su buɗe gwajin, kawai ba sa nuna wa mara lafiya ne sai ta nema. Na Yaya da muka yi daga baya shafi biyu ne, na manna shi a bangon fayil ɗin daga ciki, duk bil ɗin da ya zo sai in duba kwanan wata in sa yatsa a layin in ga launinsa. In an ce miki "kar ki damu duk an ɗauke", ki yi murmushi ki ce na gode, a ɗan rubuta min.

Takardar amincewa kuma, wadda za ki sa wa hannu, tana iya kai shafi ashirin ko talatin, kuma kusan kullum akwai wani sashe a can wajen ƙarshe da ke magana kan kuɗi da kuma abin da zai faru in maganin ya yi miki illa. Mutane suna gajiya kafin su kai wurin. Ki fara karatun daga nan. Kina da haƙƙin tafiya da ita gida, ki kwana da ita, ki ba wanda ya fi ki gane irin wannan rubutun ya duba, in ba da yarenki aka rubuta ba ki nemi a fassara miki ko a kawo tafinta. Duk wanda ya tsaya a kanki da biro yana cewa yanzu-yanzu, akwai matsala.

Akwai kuma matakin tantancewa, shi ma ki sa shi a lissafi. Bayan kin sa hannu ba shikenan kin shiga ba, sai an yi miki awo iri-iri a ga ko kin cika sharuɗɗa, jini, hanta, ƙoda, zuciya, sabon sikanin, wani lokacin sabon ciro tsoka, awon ciki in kina shekarun haihuwa. Mutum zai iya yin sati biyu ko uku yana zirga-zirga a ƙarshe a ce jininki ya yi ƙasa da lambar da suke so, ba za ki shiga ba. Tambayar ita ce in ban samu shiga ba, awon da aka yi min wa zai biya, kuma kuɗin motar da na kashe za a mayar min? Ki yi ta a ranar farko.

Yanzu dokoki, don ya danganta da ƙasar da ake gwajin, kuma bambancin ba kaɗan ba ne.

A Amurka, inda gwaje-gwajen suka fi yawa kuma bil ya fi ban tsoro, dokar lafiya ta 2010 da ake kira Obamacare ta tilasta wa yawancin kamfanonin inshora tun daga 2014 su biya kuɗin jinyar yau da kullum ga mai kansa da ta shiga gwajin da aka amince da shi, kuma ba su da ikon korarki ko hana ki don kin shiga. Medicare, inshorar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama, ta fara biyan irin wannan tun shekarar 2000 zamanin Bill Clinton, har da jinyar matsalar da gwajin ya jawo. Medicaid ta masu ƙaramin ƙarfi ita ce ta makara, sai Janairun 2022 doka ta wajabta mata a duk jihohi. Amma kar ki ji an ce "inshora za ta biya" ki ɗauka ba abin da zai fita daga hannunki, kason da kika saba biya duk zuwa asibiti yana nan, kuɗin da sai kin fara kashewa da kanki a farkon shekara kafin inshora ta sa hannu shi ma yana nan, kuma tunda zuwanki ya ƙaru toh sau nawa za ki biya kason ma ya ƙaru. Tsofaffin tsare-tsaren inshora da suke nan tun kafin 23 ga Maris 2010 ba a canza su ba, dokar ba ta hau kansu ba. Sannan babban ramin, in asibitin da ke gwajin ba ya cikin jerin asibitocin da kamfaninki ke hulɗa da su, kuma tsarinki dama ba ya biyan na waje, dokar ba ta tilasta musu ba. Wuri ɗaya da ya fita daban shi ne asibitin bincike na NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, da ke Bethesda a jihar Maryland, can ba a cajin mara lafiya kuɗin jinyar da aka yi masa a ciki.

A Tarayyar Turai dokarsu ta gwajin magani ta 2014 ta ce maganin gwaji da kayan ba da shi da duk awon da tsarin binciken ya buƙata musamman ba za a ɗora wa mara lafiya ba, sai dai in dokar ƙasar ta ce wani abu daban. A Ingila kuma NHS, tsarin lafiya na gwamnati, shi ke ɗaukar jinyar dama, saboda haka abin da ya rage wa mutum yawanci kuɗin hanya ne da na fakin da ranakun aiki. In kuwa kina inda yawancin mutane daga aljihu suke biyan asibiti, toh aljihu na biyu shi ne babbar tambayarki, kuma a nan wasu masu ɗaukar nauyi sukan ɗauke har kemon da aka saba da sikanin ɗin gaba ɗaya saboda sun san in ba haka ba ba wanda zai iya tsayawa har ƙarshe, wasu kuma ba sa ɗauka. Kar ki yi zato, ki tambaya ƙarara.

In kina da inshora ki kira su da kanki kafin ki sa hannu, kar ki bar wa asibiti kawai. Ki karɓi lambar rajistar gwajin a wurin kodineta, in a ClinicalTrials.gov, shafin intanet na gwamnatin Amurka da ake rajistar gwaje-gwaje, aka yi masa rajista lambar tana farawa da NCT sai lambobi 8. Ki ba su lambar, ki tambaya asibitin da likitocin suna cikin jerinsu, har da lab ɗin da wurin sikanin don wani lokaci asibitin yana ciki amma mai karanta hoton ba ya ciki, ki tambaya ko akwai abin da sai an nemi izininsu kafin a yi. Ki rubuta sunan wanda kika yi magana da shi da rana da lokaci, ki ce su turo miki amsar a rubuce ko ta imel. In suka ƙi, ba ƙarshen magana ba ne, ana ɗaukaka ƙara, kuma likitanki zai iya rubuta musu wasiƙa ko ya yi waya da likitansu, sau da yawa wanda ya fara ɗaga wayar ya ji kalmar "gwaji" ne kawai ya ce a'a.

Toh mu dawo aljihu na uku.

Yawan abin da zai ci ya danganta da matakin gwajin. Mataki na 3, wanda ake kwatanta sabo da tsoho a kan ɗaruruwa ko dubban mutane, zuwansa bai cika nisa da na jinyar da aka saba ba. Amma mataki na 1, inda ake neman adadin maganin da jiki zai iya ɗauka, wannan aiki ne sosai, musamman zagayen farko. Ranar farko ta Yaya mun shiga tun gari bai gama wayewa ba, aka ɗibi jini kafin magani, aka ɗaura, aka ɗiba bayan an gama, aka sake bayan awa ɗaya, bayan biyu, bayan huɗu, haka dai, don su ga yadda maganin ke yawo a jiki da yadda yake fita, ga na'urar zuciya ana manna mata ana cirewa, muka fito duhu ya yi, kuma aka ce gobe da safe ku dawo a ƙara ɗiba. Mu da muka zo da niyyar komawa gida a ranar. Masaukin da muka kama a gurguje a daren nan da abincin da muka saya da wayar da na yi ta yi ina roƙon a kwana da yaranta, ba ko ɗaya a cikin lissafinmu, alhali duk yana nan rubuce a teburin da ba mu nema ba.

Saboda haka ki ɗauki teburin nan ki ƙirga ranaku. Sau nawa za ki zo a watan farko, sau nawa bayan nan, kowane zuwa awa nawa, wanne ne sai da kwana, wanne ne ba za ki iya komawa ke kaɗai ba sai da ɗan rakiya. Ki ninka da kuɗin hanya na mutum biyu. Ki ƙara ranakun da ba za ki yi aiki ko sana'a ba, da na mai rakiyar, don shi ma cinikinsa ko albashinsa ne ke tafiya. Sannan, kuma wannan yana da muhimmanci don kar ki tsorata kanki a banza, ki cire abin da dama za ki kashe in jinyar da aka saba kika yi. Bambancin shi ne ainihin kuɗin gwajin. Wasu in suka yi wannan lissafin sai su ga gwajin ma sauƙi ya kawo musu tunda an ɗauke musu magani mai tsada, wasu kuma su ga hanya kaɗai za ta cinye su.

Ba ke kaɗai ce abin ke yi wa nauyi ba. Wani bincike da Joseph Unger da abokan aikinsa suka fitar a 2016 a Amurka ya nuna masu kansa da kuɗin shigar gidansu bai kai dala 50,000 a shekara ba, damar shigarsu gwaji ta yi ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin uku in aka kwatanta da waɗanda suka fi su samu. Masu binciken sun san da wannan, kuma su ma suna buƙatarki, gwajin da mutane ke fita a tsakiya asara ce gare su. Don haka ki cire kunya ki tambaya ana mayar da kuɗin hanya? Da can wasu cibiyoyi suna noƙewa wai kar a ce sun saye mutum da kuɗi, amma hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta fito a 2018 ta fayyace cewa mayar wa mutum kuɗin mota da jirgi da masauki da fakin ba ya cikin jan ra'ayi da kuɗi. Kamfanoni da yawa suna da kasafin wannan a ajiye, wanda bai tambaya ba ne ba ya samu. Mu sai a zagaye na uku wata mata da muke zama kusa da ita a ɗakin ƙarin ruwa ta ce "ku ba kwa kai rasit ɗinku ne?" Muka kalli juna ni da Yaya. Na baya da ba mu ajiye ba haka suka tafi.

In sun ce suna mayarwa, ki bi diddigi: har da na ɗan rakiya ko ke kaɗai, akwai iyaka a kowane zuwa, sai nisan ya kai nawa, su za su kama masaukin ko ke za ki biya a mayar miki, kuma bayan kwana nawa kuɗin ke fitowa. Wannan na ƙarshen shi ne mai ciwo, don in sai bayan wata ɗaya ko biyu ake biya toh kina buƙatar kuɗin da za ki riƙa juyawa kafin nan. Ki samu ambulan ɗaya ta rasit kawai, kuma ki riƙa ɗaukar hoton kowanne a waya nan take don tawadar irin takardun nan tana gogewa. Ki kuma bambance kuɗin da aka mayar miki da kuɗin da aka ba ki na lokacinki, na biyun a wasu ƙasashe ana lissafa shi a matsayin kuɗin shiga, yana iya jawo haraji ko ya taɓa wani tallafin gwamnati da kike karɓa, ki tambayi ma'aikacin walwala na asibitin kafin ki karɓa.

Shi wannan ma'aikacin walwalar ki neme shi ko ba a haɗa ku ba, su suka san ƙofofin taimako. A Amurka akwai gidauniyar Lazarex da aikinta kenan, taimaka wa masu kansa da kuɗin zuwa gwaji har da na mai rakiya, akwai gidajen Hope Lodge na ƙungiyar yaƙi da kansa ta American Cancer Society sama da 30 da mara lafiya da mai jinyarta ke zama kyauta in gida ya yi nisa. Masu aikin albashi a can kuma dokar FMLA ta 1993 tana ba wanda ya cika sharuɗɗa hutun sati 12 a shekara ba tare da an kore shi ba, ana iya gutsura shi rana-rana, sai dai ba albashi a ciki. A wasu wuraren ƙungiyoyin masu kansar ne ke yin irin wannan, tambaya ce dai.

Wata hanyar rage kashe kuɗi da ba a cika faɗa ba, ki tambaya ko wasu awon za a iya yi a asibitin da ke kusa da ke a tura musu sakamako, ko wani ganin likitan a yi ta bidiyo, ko in ƙwaya ce a aiko miki. Tun lokacin korona gwaje-gwaje da yawa sun sassauta a kan wannan. In ba zai yiwu ba, a ƙalla su haɗa miki jini da sikanin da ganin likita a rana ɗaya maimakon a warwatsa su a sati.

Saura tambayoyi biyu masu nauyi da ba a son yi saboda ba wanda ke son kawo mugun zato. In maganin ya yi min illa aka kwantar da ni, wa zai biya? Sanarwar Helsinki, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fitar tun 1964 aka sake gyara ta a 2024, ta ce dole a tabbatar da magani da diyya ga wanda bincike ya cutar, amma ita ƙa'idar ɗa'a ce, kowace ƙasa da yadda ta mayar da ita doka. Turai ta wajabta a tanadi hanyar biyan diyya, Indiya ma dokarta ta 2019 ta ɗora wa mai ɗaukar nauyi jinya kyauta da diyya, Amurka kuwa abin da dokar tarayya ta ce kawai a faɗa miki ko akwai ko babu, ba ta ce dole a biya ba. Ki karanta wannan sakin layin sau biyu, ki kuma tambaya wa ke yanke hukuncin cewa illar daga maganin ce ba daga ciwon ba.

Ta biyun, in maganin ya karɓe ni kuma gwajin ya ƙare, za a ci gaba da ba ni? Ga mai kansar da ta bazu wannan ba ƙaramar magana ba ce, don sabon magani in ya shiga kasuwa tsadarsa sai a hankali, kuma zai iya ɗaukar shekaru kafin ya iso ƙasarku ma. Helsinkin ta ce a tsara wannan tun kafin a fara. Wasu kamfanoni suna buɗe wani ƙaramin gwaji na ci gaba su mayar da mutanensu ciki, wasu suna bayarwa har sai an amince da maganin a ƙasar. Ki ji wanne ne naku. Haka in ke kika gaji kika ce kin fita, kina da ikon fita duk ranar da kika ga dama ba tara ba biyan abin da ya wuce, kuma ba a isa a hana ki jinyarki ta yau da kullum ba, sai dai za su so ki zo awon rufewa, shi ma ki tambaya na wa ne.

Ɗan gargaɗi kaɗan, duk wanda ya ce ki kawo maƙudan kuɗi don a sa ki a "gwaji", ko ki sayi maganin gwajin da kanki, ki ja baya ki kai wa likitanki takardun ya duba. Ganin sunan abu a ClinicalTrials.gov ba shaida ba ce cewa gwamnatin Amurka ta tantance shi, su da kansu sun rubuta haka a shafin, rajista ce kawai. Ki nemi sunan kwamitin ɗa'ar da ya amince da binciken, lambar wayarsu tana cikin takardar amincewa ta gaskiya, kuma kina iya kiransu in kina da ƙorafi har a kan kuɗi. Maza ma da ke karantawa, kansar mama tana kama ku, kusan ɗaya cikin ɗari na masu ita maza ne, duk wannan lissafin naku ne.

Bil ɗin kuskure kuma zai zo, ki sa a ranki. Ofishin kuɗi daban, ofishin bincike daban, wani lokacin wanda ya shigar da awon a kwamfuta ya manta bai sa alamar cewa na bincike ne ba sai ya tafi kai tsaye wurinki ko wurin inshora. Namu na wani sikanin ne, ya zo da jan rubutu a sama har Yaya ta kasa cin abinci a ranar. Na buɗe fayil na sa yatsa a layin, ja ne, na masu bincike. Ban je wurin biya ba, na ɗauki hoton bil ɗin da hoton teburin na tura wa kodineta na ce a dakatar da shi har a gyara, ta ce in ba ta sati biyu. Kar ki biya da niyyar a mayar miki daga baya, fitar da kuɗi daga asusun asibiti ya fi shigar da su wuya nesa ba kusa ba. Ki nemi bil mai dalla-dalla wanda aka jera kowane abu da ranarsa, ki rubuta ranar da kika kai ƙorafi da wanda ya karɓa, in sati biyun ya cika shiru ki sake kira, namu sai a kira na uku aka soke shi.